FASHIN BAƘI: Me ya sa taurarin zari-ruga ke dushewa tun kafin su kai ganiyarsu?

A shekarar 2011, Jharal Yow Yeh yana da shekara 21, kuma ya riga ya saka duk rigunan da matashin ɗan wasan zari-ruga ke mafarkin sakawa a Ostireliya: ta kulob ɗinsa Brisbane Broncos, ta jiharsa Queensland, da kuma ta ƙasarsa. A watan Maris na 2012, a wani wasa da aka buga a birnin Perth, ya yi tsalle domin ya cafe ƙwallo, da ya sauko sai idon sawunsa ya karye har ƙashi ya fito waje. Daga ranar bai sake buga wasa a babbar gasar ƙasar ba. Yana da shekara 24 ya sanar da cewa ya yi ritaya.

Irin Yow Yeh suna da yawa a wannan wasa. Duk mai bibiyar gasar NRL ta Ostireliya ko Super League ta Ingila yana iya lissafa sunayen samarin da aka yi wa hasashen za su mamaye zamaninsu, amma suka ɓace tun kafin su kai shekara 30. Idan ana ba da labarinsu, akan raba su gida biyu: waɗanda ƙaddara ta faɗa wa, da waɗanda suka cuci kansu. Wannan rabo yana da ƙamshin gaskiya, sai dai yana ɓoye wani abu na uku, wato tsarin da ke ɗebo yara da yawa, ya ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu, sannan ya bar mafi yawan asarar a wuyansu idan abin ya lalace. Wannan tsari shi ne ya cancanci a duba.

Wane irin wasa ne?

Zari-ruga iri biyu ne. Akwai mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, akwai kuma mai 'yan wasa 13, wanda ake kira na lig, kuma a kansa wannan bayani ya tsaya. Cibiyoyinsa su ne gabashin Ostireliya, arewacin Ingila, kudancin Faransa, Niyu Zilan, tsibiran tekun Pasifik, da kuma Papuwa Niyu Gini, inda ake ɗaukarsa a matsayin wasan ƙasa.

Ana buga shi ne minti 80. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama shida ta kai ta bayan layin abokan hamayya ta dangwala a ƙasa, abin da ke ba ta maki huɗu. Kowace dama tana ƙarewa ne idan aka kayar da mai ɗauke da ƙwallon ko aka riƙe shi ya kasa motsi. Bayan kowace kayarwa, masu tsaro kan ja da baya mita goma, sannan su sake rugowa. Wannan tazara ita ce ke ba ƙattin samari, waɗanda da yawansu sun haura kilo 100, filin da za su ɗauki gudu kafin su yi karo da juna, ba kwalkwali, ba sulke. Ɗan wasa guda kan kayar da mutum sau 30 ko 40 a wasa ɗaya, mako bayan mako. Jarin ɗan wasa a nan jikinsa ne, kuma jari ne da ke raguwa a kowace Asabar.

Wasan da aka haifa a kan rigimar diyya

Tarihin wasan ya fara ne da taƙaddama a kan haƙƙin ma'aikaci. A ƙarshen ƙarni na 19, mafi yawan 'yan wasan kulob-kulob na arewacin Ingila leburorin ma'adinan kwal ne da ma'aikatan masaƙu. Idan suka bar aiki ranar Asabar domin wasa, ko suka ji rauni, sai a yanke musu lada. Kulob-kulob ɗin suka nemi izinin biyansu diyyar lokacin da suka rasa, amma shugabannin wasan, waɗanda galibinsu masu hali ne daga kudu, suka ce wasa nishaɗi ne, bai kamata kuɗi ya shiga ciki ba. Ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan kulob-kulob suka haɗu a otal ɗin George da ke garin Huddersfield, kulob 22 suka ɓalle, suka amince da biyan diyyar sule shida a rana. A 1906 suka rage yawan 'yan wasa zuwa 13.

A Ostireliya ma kusan haka aka yi. A 1907 wani ɗan wasa mai suna Alec Burdon ya ji rauni a wasa, ya kasa aiki, kuma hukuma ba ta biya shi diyya ba. Fushin da hakan ya haifar yana cikin abubuwan da suka sa aka kafa sabuwar gasa a Sidni a 1908. Gwarzon wancan zamani, Dally Messenger, ya koma sabon wasan, kuma sunansa ne ke kan lambar Dally M da ake bai wa ɗan wasan da ya fi fice a kowace kaka.

Ke nan tambayar da ta haifi wasan ita ce: wa zai ɗauki asara idan jikin ɗan wasa ya lalace? Bayan fiye da shekara 125, kuɗi ya yawaita ƙwarai, amma tambayar ba ta sami cikakkiyar amsa ba.

Ƙofa ƙarama, masu shiga da yawa

Gasar NRL, wadda aka kafa a 1998, tana da kulob 17 tun daga 2023, kuma kowane kulob yana da babbar tawaga ta mutum 30. Gurbi 510 ke nan, ga dubban yaran da ke buga wasan a makarantu da ƙananan gasa a Ostireliya da Niyu Zilan da tsibiran Pasifik. Haka kuma akwai dokar iyakar albashi, wadda ta ƙayyade jimillar kuɗin da kulob zai iya kashewa a kan 'yan wasansa. An yi dokar ne domin kada masu kuɗi su kwashe duk gwanaye, amma ta haifar da wani lissafi: matashi mai hazaƙa ya fi arha a kan gogaggen tauraro, don haka kowane kulob yana son ya riga sauran kama shi. Dillalan 'yan wasa da masu farautar hazaƙa kan fara zawarcin yaro tun yana makarantar sakandare.

Labarin Karl Filiga ya zama misalin da ake yawan bayarwa. Matashi ne ɗan Niyu Zilan wanda jaridu suka riƙa kwatantawa da Sonny Bill Williams tun bai taɓa buga babbar gasa ba. Kulob ɗin Cronulla ya ɗauke shi a kan kwantiragi mai tsoka, amma duk abin da ya buga a NRL bai wuce wasa ɗaya ba, a 2008, shi ma na 'yan mintoci. Raunuka da nauyin suna suka haɗu a kansa, kuma har yau idan aka ambace shi, ana auna shi ne da wani mutum dabam da aka ce zai zama.

Tim Smith kuwa ya fara da ƙafar dama. A 2005, yana da shekara 20, shi ne mai tsara wasan Parramatta, ƙungiyarsa ta kammala zagayen gasa a saman teburi, shi kuma ya lashe lambar sabon ɗan wasa mafi fice. Parramatta ba ta ci kofi ba tun 1986, zamanin Peter Sterling, saboda haka magoya baya suka ɗora masa dogon jiran da suke yi. Da wasansa ya ja baya, sai sukan ya yi tsanani, kuma jaridu suka shiga bin diddigin rayuwarsa ta dare. A watan Afrilun 2008 ya bar kulob ɗin, ya bayyana cewa yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa mai jefa mutum tsakanin zumuɗi mai tsanani da ƙunci mai tsanani. Ya ci gaba da wasa a Ingila, ya ɗan dawo Ostireliya, amma bai sake kai matsayinsa na 2005 ba.

Shekara goma bayan haka, sai ga Ash Taylor na Gold Coast Titans. Ya ci lambar sabon ɗan wasa mafi fice a 2016, kuma ba da jimawa ba kulob ɗin ya ba shi kwantiragin da rahotanni suka ce ya kai kusan dala miliyan ɗaya ta Ostireliya a kowace kaka, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na duk abin da doka ta yarda kulob ya kashe a lokacin. Daga nan, duk rashin nasarar da ƙungiyar ta yi sai a auna shi da albashinsa. A 2019 ya ɗauki hutu saboda lafiyar ƙwaƙwalwarsa, kuma a 2022 ciwon ƙugu ya tilasta masa ritaya yana da shekara 27. Kulob ne ya yanke shawarar biyan wannan kuɗi saboda tsoron kada a ƙwace shi, amma sunan da ya ɓaci a bakin jama'a nasa ne.

Gasar matasa da abin da ta bari

Daga 2008 zuwa 2017, NRL ta gudanar da gasar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 20. Kowane kulob yana da tawagar matasa da ke bin manya zuwa duk inda za su yi wasa, a manyan filaye, ana kuma nuna wasu wasannin a talabijin. Gasar ta fitar da taurari na gaske, kuma tana da dokar da ta ce sai yaro yana aiki ko karatu sannan zai buga. Amma ta kuma ɗanɗana wa ɗaruruwan samari rayuwar da ƙalilan ne kawai daga cikinsu za su riƙe. Yaro kan bar garinsu, wani lokaci ƙasarsu, yana da shekara 16 ko 17, ya saba da jirgin sama da kyamara, sannan da ya cika shekara 20 a ce masa babu gurbi.

Nauyin ya fi tsanani a kan wasu al'ummu. Kusan rabin 'yan wasan NRL a yau suna da tsatson tsibiran Pasifik, kamar Samowa da Tonga da Fiji, ko na ƙabilar Maori ta Niyu Zilan, sannan fiye da ɗaya cikin goma 'yan asalin Ostireliya ne na farko, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, inda kwantiragin yaro guda ke zama abin dogaron iyaye da ƙanne da dangin da ke can tsibiri. A irin wannan gida, raunin da ya sami yaro ya shafi kowa, kuma yaron ya san haka.

A farkon 2013, cikin 'yan makonni, wasan ya rasa matasa biyu masu shekara 20 waɗanda suka kashe kansu: Mosese Fotuaika na Wests Tigers, wanda ke cikin tawagar da ta lashe gasar matasa a 2012 kuma yake dab da shiga babbar gasa lokacin da ya ji rauni a wurin atisaye, da Alex Elisala na North Queensland Cowboys. Irin wannan mutuwa ba ta da dalili guda, kuma kuskure ne a jingina ta ga abu ɗaya. Amma ta tilasta wa hukuma da kulob-kulob su fara magana a fili game da lafiyar ƙwaƙwalwar matasan da suke tarawa. Bayan kakar 2017 aka soke gasar, aka mayar da matasa ƙarƙashin gasannin jihohi. Tsadar gudanarwa na cikin dalilan, haka ma damuwa kan halin da yaran ke shiga.

Idan jiki ya ƙi

Kashi mafi girma na waɗanda tafiyarsu ta yanke ba su aikata laifin komai ba. Taniela Tuiaki na Wests Tigers shi ne gwarzon 'yan wasan gefe na 2009, amma a cikin kakar ce ya karya idon sawu, kuma daga nan bai sake dawowa ba. Abokin wasansa Simon Dwyer yana da shekara 22 a 2011, ana ganin ya kusa wakiltar jiharsa, lokacin da wani karo ya tsinka jijiyoyin da ke haɗa wuyansa da hannunsa, hannun ya shanye.

Wanda ya fi girgiza ƙasar shi ne na Alex McKinnon na Newcastle Knights. Ranar 24 ga Maris, 2014, a wasa da Melbourne Storm, mutum uku suka tare shi, aka ɗaga shi, ya faɗo da ka. Ƙasusuwan wuyansa biyu suka karye, lakarsa ta taɓu, ya koma kan keken guragu yana da shekara 22. An dakatar da Jordan McLean, ɗaya daga cikin waɗanda suka kayar da shi, na wasa bakwai. A watan Yuli na shekarar, NRL ta keɓe zagaye guda na gasa domin tara masa gudunmawa, aka sami fiye da dala miliyan ɗaya, hukuma kuma ta yi masa alkawarin aiki.

Karamcin da aka nuna wa McKinnon abin yabo ne, amma ya tona wani giɓi. A jihohin Ostireliya, galibi dokar diyyar ma'aikata ba ta shafi ƙwararrun 'yan wasa a kan raunin da suka ji a fili ba. Birkila da ya faɗo daga bene yana da tsarin doka da zai dogara da shi, amma ɗan wasan da ya karye a gaban dubban 'yan kallo yana dogara ne da abin da ke cikin kwantiraginsa, da inshorar da aka sasanta a kai, da kuma tausayin jama'a. Shi kuwa tausayi ba ya raba daidai. Da aka ga yadda aka tashi tsaye domin McKinnon, sai manema labarai suka tuna da Dwyer, wanda ya shafe shekara uku da shanyayyen hannu ba tare da irin wannan gangami ba.

Akwai kuma waɗanda ba su ma kai ga fara tafiyar ba. Keith Titmuss shi ne ya ci wa Manly ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na gasar matasa ta 2017, wasan da aka rufe gasar da shi. A watan Nuwamban 2020, yana da shekara 20, ya yanke jiki bayan atisayen share fagen kaka, ya rasu a asibiti. A 2024 mai binciken musabbabin mutuwa na jihar New South Wales ya gano cewa zafin jiki mai tsanani sakamakon wahalar atisaye ne ya kashe shi, ya kuma ce mai yiwuwa atisayen bai dace da yanayin jikinsa a ranar ba. Ya ba da shawarar a riƙa dawo da 'yan wasa atisaye sannu a hankali bayan hutu. Abin lura a nan shi ne matsayin matashin da ke neman gurbi: shi ne ya fi kowa buƙatar ya nuna juriya, kuma shi ne ya fi kowa jin nauyin cewa ya gaji.

Giya, caca da hannu biyu na hukuma

Sai rukuni na biyu, waɗanda ake cewa su suka jawo wa kansu. Todd Carney ya fara buga wa Canberra Raiders wasa a 2004 yana da shekara 17. A 2008 kulob ɗin ya kore shi bayan jerin laifukan da suka shafi shan giya, Birtaniya ta hana shi biza lokacin da ya so komawa Huddersfield, har kotu ta haramta masa shiga garinsu Goulburn na shekara guda. Ya shafe 2009 yana wasa a wani ƙaramin gari a arewacin Queensland. A 2010 Sydney Roosters ta ɗauke shi, ya lashe lambar Dally M, ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe, ya kuma wakilci ƙasarsa. Shekara guda bayan haka suka rabu a kan batun giya. Cronulla ta karɓe shi, ya wakilci jiharsa a 2012, sannan a watan Yunin 2014 aka kore shi bayan wani hotonsa na rashin ɗa'a ya bazu a intanet. Yana da shekara 28, kuma bai sake buga NRL ba.

Ben Barba ya bi hanya makamanciyar wannan. Ya lashe Dally M a 2012 tare da Canterbury Bulldogs. A 2016 ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe da Cronulla ta doke Melbourne da ci 14 da 12, kofinta na farko tun shigarta gasa a 1967. Kwanaki kaɗan bayan bikin, gwaji ya nuna hodar iblis a jikinsa, ya rasa gurbinsa. Ya tafi Ingila, ya zama gwarzon Super League na 2018 tare da St Helens. North Queensland ta dawo da shi, amma a watan Fabrairun 2019, tun bai buga mata ko wasa ɗaya ba, ta kore shi bayan wani rikici da ya shafi abokiyar zamansa a gidan caca da ke Townsville, NRL kuma ta soke rajistarsa.

Babu wanda zai wanke waɗannan mutane daga abin da hannunsu ya aikata, musamman inda akwai wanda aka cutar. Dubban 'yan wasa sun rayu cikin yanayi iri ɗaya ba su kauce ba. Amma akwai tambayoyin da ya kamata a yi wa masu tafiyar da wasan. Muddin ɗan wasa yana cin ƙwallo, akan sami kulob ɗin da zai sake ɗaukarsa, kuma sau da yawa abin da ake kira ba shi dama ta biyu, sayen gwani ne a kan farashi mai sauƙi. Ranar da abin kunyar ya fi amfaninsa yawa, sai a tuna da tarbiyya.

Sannan akwai batun inda kuɗin wasan ke fitowa. Kamfanonin giya sun daɗe suna ɗaukar nauyin tawagogin Queensland da New South Wales a gasar State of Origin, wadda ita ce ta fi kowace jan 'yan kallo. Kamfanonin caca suna talla a riguna da filaye da lokacin nuna wasa. Wasu manyan kulob-kulob na Sidni sun daɗe suna dogara da kuɗin injinan caca da ke gidajen shaƙatawarsu. Shugaban hukumar wasan tun 2019, Peter V'landys, shi ne kuma ya daɗe yana jagorantar hukumar sukuwar dawaki ta New South Wales. A 2023 wani kwamitin majalisar tarayya ƙarƙashin marigayiya Peta Murphy ya ba da shawarar a haramta tallan caca ta intanet a hankali cikin shekara uku, shawarar da manyan hukumomin wasanni ba su yi maraba da ita ba.

Owen Craigie ya san wannan duniya daga ciki. Ɗan asalin ƙasa ne daga ƙaramin garin Tingha, ya fara babbar gasa yana da shekara 17, ya ci kofi da Newcastle a 1997 yana da 19, kuma abokan wasansa sun sha bayyana shi a matsayin ɗaya daga cikin mafiya baiwa da suka taɓa gani. Bai kai shekara 30 ba ya bar wasa. Daga baya ya fito fili ya ba da labarin yadda caca da shaye-shaye suka cinye dukiyarsa, ya kuma shiga aikin wayar da kan matasa. Wasan da ke hukunta ɗan wasa a kan giya da caca, alhali yana cin riba daga tallansu, yana ba matashi saƙo biyu masu karo da juna.

Abin da ya sauya

An sami gyare-gyare, kuma galibinsu sun zo ne bayan an yi asara. Yanzu doka ta ce sai ɗan wasa ya cika shekara 18 zai buga NRL, ko da yake an yi wa Joseph Suaalii sassauci a 2021. An haramta bangazar kafaɗa daga kakar 2013, an kuma tsananta hukunci a kan ɗaga mutum a kifar da shi. Tun 2023, wanda aka tabbatar ya sami buguwar ƙwaƙwalwa sai ya huta kwana 11. Wannan ya biyo bayan shekarun muhawara a kan cutar CTE, mai lalata ƙwaƙwalwa sakamakon yawan bugun kai, wadda aka gano a jikin tsofaffin 'yan wasa irin su Steve Folkes da Paul Green bayan rasuwarsu. A 2019 aka fito da dokar dakatar da ɗan wasan da ake tuhuma da babban laifi har sai kotu ta yanke hukunci. Kulob-kulob suna da jami'an kula da walwala da ilimi.

Mafi yawan abin da ya shafi kuɗi kuwa, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, RLPA, ce ta ƙwato shi a teburin sasantawa: mafi ƙarancin albashi, da asusun tallafa wa waɗanda rauni ya raba da sana'arsu. A 2023 sai da 'yan wasa suka ƙaurace wa manema labarai a ranakun wasa, suka kuma rufe tambarin NRL a rigunansu, kafin a cimma sabuwar yarjejeniya. Amma irin wannan kariya ta fi amfanar wanda ya riga ya shiga cikin mutum 30 na babbar tawaga. Yaron da ya bar karatu ya bi wasa, aka sallame shi yana da shekara 20 da gwiwa mai ciwo, ba ya cikin lissafin kowa, kuma sunansa ba ya shiga jerin taurarin da suka dushe, domin ba a taɓa saninsa ba.

Inda za a gwada darasin

Wasan yana faɗaɗa. Perth Bears za ta shiga NRL a 2027, sannan a 2028 wani kulob daga Papuwa Niyu Gini zai biyo baya. A watan Disamban 2024 ne Firaminista Anthony Albanese da takwaransa James Marape suka sanar da shirin, wanda gwamnatin Ostireliya za ta zuba wa dala miliyan 600 cikin shekara goma, kuma ba a ɓoye cewa yana da alaƙa da gogayyar tasiri da Sin a yankin Pasifik ba. Hakan na nufin za a buɗe ƙofa ga dubban yara a ƙasar da talauci ya yi yawa kuma ake ƙaunar wasan fiye da ko'ina. Ƙasar ta riga ta san zafin irin wannan rashi: Kato Ottio, wanda ya wakilce ta a gasar cin kofin duniya ta 2017, ya rasu a watan Janairun 2018 yana da shekara 23 bayan ya yanke jiki a wurin atisaye, kwanaki kafin ya tafi Ingila ya fara wasa da Widnes.

Afirka ma ba ta yi nisa da wannan kasuwa ba. Martin Offiah, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi cin ƙwallo a tarihin wasan a Ingila, haifaffen Landan ne kuma iyayensa 'yan Najeriya ne, sannan tawagar maza ta Najeriya ta lashe gasar yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019. Duk inda wasan ya sami gindin zama a cikin matasa masu ƙarfi da ƙaramin hali, masu farautar hazaƙa za su biyo baya.

Saboda haka tambayoyin da suka dace a yi wa kowane kulob da kowace hukuma ba su da wuya. Yara nawa aka ɗauka, nawa aka sallama, kuma ina suke yanzu? Wa ke biyan kuɗin asibiti bayan kwantiragi ya ƙare? Wace sana'a ko takardar shaida yaro ya fita da ita? Ma'aikatan kwal da masaƙu na 1895 sun nemi sule shida ne a madadin ranar aikin da suka rasa. Abin da matashin ɗan wasa ke sakawa a yau shekarun ƙuruciyarsa ne da lafiyar jikinsa, kuma diyyar da ta dace da wannan ita ce har yanzu ake ja-in-ja a kanta.